Gidauniya Ko Ofishin Kamfen?

A ƙarshen azumin da ya gabaci zaɓen da ya wuce, wata babbar mota ta shigo ƙauyenmu da ke arewa da Dambatta, ɗauke da buhunan shinkafa da takin zamani. An ce wata gidauniya ce ta kawo wa zawarawa da marayu tallafi. Gwaggona, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da 'yar gonar gado da ba ta kai kadada ɗaya ba, ta bi layi tun hantsi. Da ta iso gaban tebur, ba wanda ya tambaye ta yawan marayunta. Katin zaɓe aka ce ta nuna, aka kwafi lambarsa, sannan aka miƙa mata buhu mai ɗauke da hoton mai gidauniyar, wanda kowa ya san takara yake nema. Maƙwabciyarta da ba ta da kati ta koma gida hannu rabbana.

Wannan cinikin ƙuri'a ne aka yafa masa mayafin sadaka, kuma dokar ƙasa ta hana. Sashe na 221 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce in ban da jam'iyyar siyasa, babu ƙungiyar da aka yarda ta nema wa ɗan takara ƙuri'a, ko ta zuba kuɗi a asusun jam'iyya, ko ta ɗauki nauyin kamfen ɗin wani. Gidauniya ba jam'iyya ba ce. Haka ma ƙungiyar ci gaban gari, da ta manoma, da ta tsofaffin ɗalibai, da kwamitin masallaci.

Ga dalilin da ya sa abin ya shafi aljihun kowa. Duk ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ta yi alkawari a rubuce cewa dukiyarta za ta tafi ne kan manufar da aka kafa ta, ba kan amfanin shugabanninta ba. Saboda wannan alkawari ne dokar haraji take yafe wa ƙungiyoyin addini da na jinƙai da na ilimi harajin kuɗin da suke samu, muddin ba kasuwanci suka yi ba. Abin da aka yafe musu kuwa haƙƙin jama'a ne. Manomin da ya kai buhun wake kasuwa sai an yankar masa rasit, mai rumfa ya biya, ɗan acaɓa ya biya. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Kano domin ta sauke wa talaka kaya. Yau talakan yana biya ta ƙofofi da yawa, attajirin da aka ɗauke wa gidauniyarsa haraji kuma ya juya ta yana sayen ƙuri'ar talakan da ita.

Za a ce, to Malam, ai ruwa ruwa ne, rijiyar burtsatse ba ta da jam'iyya. Gaskiya ne, ban kuma ce gwaggona ta mayar da buhunta ba. Mai jin yunwa ba a yi masa huɗuba. Amma ku je ku duba rijiyoyin da aka haƙa a jajibirin zaɓe. Ina ta ƙauyen da bai zaɓi mai gida ba? Wa ke gyara famfon idan mai gidauniyar ya faɗi? Mu a wurinmu, ranar da aka faɗi sakamako aka rufe ofishin, aka goge fentin. Malamanmu sun sha gaya mana gori yana ɓata sadaka, to ina ga wadda aka gindaya wa sharaɗi tun kafin a bayar?

Ɓarnar da ta fi damuna ita ce wadda ake yi wa ƙungiyoyinmu na gida. A ƙasar da gonaki suke jingine da juna, ba a rayuwa sai da gayya. Ƙungiyar gari ce ke tara karo-karo a cike zaizayar hanya, a rufe ajin da iska ta yaye, a raba manomi da makiyayi. Ranar da shugabanta ya hau dandamali ya ɗaga hannun ɗan takara da sunan kowa da kowa, rabin gari ya daina zuwa taro. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Zaɓe yini ɗaya ne, gabar da ya bari kuwa har wurin suna da jana'iza take bin mutane.

Magabatanmu sun fi mu gaskiya a nan. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta faro ne a matsayin ƙungiyar al'adu, da ta so shiga zaɓe a 1951 sai ta fito fili ta zama jam'iyyar siyasa. NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ba ta taɓa fakewa da sunan agaji ba. A Amurka ma, tun 1954 aka kafa doka, bisa shawarar Sanata Lyndon Johnson, cewa ƙungiyar agajin da aka ɗauke wa haraji ba ta goyon baya ko yaƙar ɗan takara.

Kada kuma masu mulki su yi murna. Hana nema wa mutum ƙuri'a bai hana faɗin gaskiya ba. Ƙungiyar manoma tana da 'yancin tambayar inda takin gwamnati ya maƙale, da dalilin da hanyoyin ruwan madatsar Watari ko ta Thomas suke cushewa, ta kuma gayyato duk 'yan takara su zauna a tabarma ɗaya su amsa tambayoyi. Dokar kamfanoni ta CAMA da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020 ta ba CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya a sashe na 839, abin da ya tayar da ƙura a lokacin. In za a zare wannan sanda, a zare ta kan gidauniyar ɗan jam'iyya mai mulki kamar yadda za a zare kan ta ɗan adawa. In kuwa masu sukar gwamnati kaɗai za ta riƙa samu, an mayar da doka makami.

Zaɓen 2027 yana tafe, motocin ma suna tafe. Idan sun iso, dattawa su yi tambaya uku a gaban mai unguwa: ina takardar rajistarku, su waye amintattunku, kuma don me kuke neman katin zaɓe? Ƙungiyar gari kuma ta rubuta a tsarinta cewa duk shugaban da zai shiga kamfen ya fara ajiye muƙaminsa, ya tafi da sunansa shi kaɗai, ya bar mana na gari.