Gado Biyu: Na Jini Da Na Kanti

 

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya gangaro Kadawa da Kura da Bunkure, mun koyi abu guda da kyau, watau tambayar asalin iri. Ba mai zuba kuɗin taki da na ƙwadago a kan irin alkama ko tumatir ko shinkafar da bai san inda ya fito ba. Sai ya tambaya a gonar wa aka gwada shi, kwana nawa yake yi, yana jure cuta ko ba ya jurewa. Haka wurin sayen akuya, akan tambayi uwarta, ko mai tagwaye ce ko mai ɓari. Amma a tambayi mutum abin da ya kashe kakarsa ko gwaggonsa, sai ya ce, "Ciwon ciki ne, kwana ya ƙare." Iyakar saninsa ke nan. A ganina wannan rashin sani yana jawo mana asarar iyayenmu mata, kuma ƙungiyoyinmu na gama kai suna iya rage asarar ba tare da jiran kowa ba.

Da yawa a cikinmu sun san irin wannan labari. Mace ta haura shekara 45, cikinta ya soma tasowa. Waɗansu suna yi mata barka, waɗansu suna cewa tsohon ciki ne da ya kwanta ya tashi. Ta ci loma uku ta ƙoshi. Zane ya ƙi zama a ƙugu, amma wuya da hannu sai ramewa suke yi. A sha jiƙo, a sayo ƙwayoyi a kemis, maigida ya ce a bari a kwashe tumatir tukuna. Sa'ad da aka kai ta Kano, likita ya ce an makara. Sai a wurin zaman makoki wata tsohuwa ta ce, "Ai haka 'yar'uwar ubanta ta tafi." Da an faɗi maganar nan shekara guda kafin ranar, da wataƙila an tarar da abin tun yana ƙarami.

Mece Ce Jakar Ƙwai?

Duk matar da ta taɓa gyara kaza ta ga curin ƙananan ƙwai a cikinta. 'Ya mace ma tana da irin wannan ma'aji guda biyu, dama da hagun mahaifa, kowanne bai fi ƙaramin goro ba. Daga nan ƙwan haihuwa yake fitowa kowane wata, ya bi ta wata siririyar hanya zuwa mahaifa. Yawancin ƙullutun da ke fitowa a wurin ruwa ne kawai, sukan baje da kansu. Amma wani lokaci ciwon daji ne, wanda ake kira sankara. Muguntarsa ita ce yana girma a ɓoye, alamunsa kuwa sun yi kama da ɓacin ciki na yau da kullum.

Kada a haɗa shi da sankarar bakin mahaifa. Allurar rigakafin da aka soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Nijeriya a 2023, har da Jihar Kano, ta bakin mahaifa ce. Tana da amfani ƙwarai, a kai yara. Amma ba ta tsare jakar ƙwai, kuma har yanzu ba a sami gwaji mai sauƙi da za a bi gari gari ana yi wa mata masu lafiya domin gano wannan ciwo da wuri ba. Saboda haka abin da ya rage mana shi ne sanin gidanmu da lura da jikinmu.

Gadon Jini

Maganar gado a cikin jini ba baƙuwa ba ce a gare mu. Mun san amosanin jini, watau sikila, har Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Ciwon daji na nono da na jakar ƙwai ma yana da nasa gadon. A 1990 wata masaniya a Amurka, Mary-Claire King, ta nuna wurin da wata ƙwayar gado mai jawo sankarar nono take. A 1994 aka ware ƙwayar, ana ce da ita BRCA1, a 1995 kuma aka gano ta biyu, BRCA2. Kowa yana da su, aikinsu gyaran ɓarnar da ke faruwa a cikin ƙwayoyin jiki, kamar mai bin magudanar ruwa yana toshe inda ta fashe. Idan mutum ya gaji wadda ta lalace, gyaran ba ya tafiya daidai.

Ga lissafin da aka yi a ƙasashen Turawa. Cikin mata 100 na gama gari, wajen 1 ce takan kamu da sankarar jakar ƙwai a tsawon rayuwarta. Cikin mata 100 da suka gaji lalatacciyar BRCA1, sama da 40 ne. Ga masu BRCA2 kuwa, wajen 17. Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Nijeriya da ke aiki a Jami'ar Shikago, da abokan aikinta sun gwada mata 1,136 masu sankarar nono a Ibadan. A sakamakon da suka fitar a 2018, wajen 11 cikin kowane 100 suna ɗauke da ɗaya daga cikin biyun nan a lalace.

Abu biyu nake so maza su riƙe. Na fari, sikila sai uwa da uba sun haɗu, amma wannan gado daga gefe ɗaya ma ya isa, kuma kowane ɗa ko 'ya yana tsakanin gada da rashin gada, rabi da rabi. Na biyu, uba yana iya ba 'yarsa, ko da shi lafiyarsa ƙalau. Don haka wanda ya ce ciwon daga dangin matarsa ne, ya fara duba 'yan'uwansa mata da gwaggwanninsa tukuna. Duk da haka mu sani, yawancin matan da ke kamuwa ba gadonsa suka yi ba. Wajen ɗaya cikin biyar ne na gado.

Gadon Kanti

Akwai wani gado kuma da bai zo ta jini ba, ta jirgin ƙasa ya zo. Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant da Paterson Zochonis da Kamfanin Neja, wanda ya shiga cikin UAC a 1929, suka kafa kantuna. Manomi ya kai gyaɗa ya komo da atamfa, da kwanon sha, da fitila, da madubi, da sabulu mai ƙanshi, da gwangwanin hoda. Kafin wannan zamani Kura gari ne mai sayar wa duniya. Baƙin rawanin nan mai sheƙi, ɗan Kura, har Agadas Buzaye suke nemansa. Kakanninmu mata kuwa da sabulun salo da man kaɗanya da lalle da kwalli suke gyara jiki, sun kuma san abin da aka yi kowanne da shi, gama a gabansu aka yi.

Ba na cewa kayan kanti duka sharri ne. Sabulu da fitila sun yi mana rana. Abin da na ƙi shi ne halin da suka zo da shi, watau ɗaukar cewa duk abin da ke cikin gwangwani mai hoto da ƙanshi ya wuce tambaya. Hoda ta shiga akwatin lefe, ta shiga kayan barka, ta zama alamar tsabta da wayewa. Uwa ta koya wa 'ya. Akwai masu barbaɗa ta a tsakanin cinyoyi da gaba da ƙunzugu saboda gumi da zafi, akan kuma yi wa jarirai haka bayan wanka. Turawan mulki sun tafi a 1960, halin ya zauna.

Yawancin hodar nan ta dā daga wani farin dutse mai laushi ake niƙa ta. A jikin gwangwani za a ga an rubuta Talc ko Talcum. A waɗansu ramukan haƙa, dutsen yana maƙwabtaka da asbestos, wanda aka tabbatar yana jawo ciwon daji. A 1971 likitoci a Kadif ta Birtaniya suka sami ɓurɓushin hodar a cikin ƙullutun jakar ƙwai da aka cire wa mata. A 1982 wani bincike a Boston ta Amurka ya nuna masu sa ta a gaba sun fi kamuwa. Amma a 2020 wani babban lissafi da ya haɗa mata sama da 250,000 a Amurka bai sami tabbatacciyar alaƙa ba. Kamfanin Johnson & Johnson, bayan dubban ƙararraki a kotu, ya daina sayar da hodar jarirai ta dutse a Amurka da Kanada a 2020, a 2023 kuma ya daina a duniya duka, ya koma ta sitacin masara, ko da yake ya tsaya a kan cewa hodarsa ba ta da lahani. A watan Yuli na 2024, hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon a Faransa, ta sa dutsen cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji.

In an ɗora biyun a ma'auni, gadon jini ya fi nauyi nesa, amma gidaje kaɗan yake shiga, kuma ba a iya sāke shi, sai dai a san da shi. Na kanti haɗarinsa ƙarami ne, masana ma ba su gama daidaitawa a kansa ba, amma ya shiga gidaje da yawa, barinsa kuwa ba ya cin ko kwabo. Macen da ta yi shekaru tana shafa hoda kada ta tsorata. Ta daina sa ta a gaba kawai.

Abin Da Ƙungiya Za Ta Yi

Na ɗaya, kowane gida ya rubuta tarihinsa. A zauna da tsofaffi tun suna da rai. A bi dangin uwa da na uba, daga kakanni zuwa jikoki. Wa ya yi ciwon nono, wa ya yi kumburin ciki da rama, yana da shekara nawa? In an sami wadda ta yi sankarar jakar ƙwai, ko mutum biyu a gefe ɗaya masu ta nono, ko wadda ta kamu kafin shekara 50, ko namiji mai ciwon nono, a kai takardar wurin likita. Gwajin ƙwayar gado yana da tsada, ba kuma ko'ina ake yinsa ba, amma takardar nan fensir kawai take bukata. Ga wadda aka tabbatar ta gaji haɗarin, likitoci sukan ba da shawarar cire jakar ƙwai da hanyoyinta bayan ta gama haihuwa, wannan kuwa yana rage haɗarin ƙwarai.

Na biyu, mu kafa ƙa'idar mako uku. Kumburin ciki da ba ya sauka, saurin ƙoshi, ciwon mara, yawan fitsari, ko jini bayan al'ada ta ɗauke: in ɗaya ya kai mako uku kusan kullum, sai asibiti, ko ana tsakiyar dashe. A fara da babban asibitin Kura ko na kusa, a roƙi hoton ciki. In an tura Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a tafi a makon. Inda aka tarar da ciwon bai fita daga jakar ƙwai ba, wajen mata 9 cikin 10 suna wuce shekara biyar da rai. In ya bazu, kaɗan ne suke kaiwa.

Na uku, asusu. Abin da ya fi hana tafiya shi ne kuɗin mota da na hoto. Muna haɗa kuɗin taki da na man injin ban ruwa. Mu ƙara kwano ɗaya na shinkafa daga kowane ɗan ƙungiya a lokacin girbi, a sayar, a ajiye domin wannan kaɗai, a sa mace cikin masu riƙon mabuɗi.

Na huɗu, a karanta gwangwani kafin a saya. Wanda ba rubutu a jikinsa, ko ba lambar NAFDAC, a bar shi. Lambar ma rajista take nunawa, sai an duba abin da ke ciki. Maganin gumi wanka ne da shanya jiki da tufafin auduga. A ci gaba da shayar da yara nono yadda muka saba, gama shayarwa tana cikin abubuwan da ke rage haɗarin wannan ciwo.

Na san abin da waɗansu dattawa za su ce. In aka ji gidan wane suna da gadon ciwo, wa zai auri 'ya'yansu? Tsoron nan gaskiya ne, shi ya sa na ce takardar ta zauna a gida, tsakanin iyali da likita. Kada a karanta ta a taron ƙungiya, kada ta shiga bakin masu neman aure. Rabin 'ya'yan irin wannan gida ba su gaji kome ba. Wadda ta gada kuwa tana aure, tana haihuwa, kuma ta fi wadda ba ta sani ba damar tsira. Waɗansu kuma za su ce maganar da kunya. To, mata su yi ta a tsakaninsu a taron zumunta, a gayyato ungozoma ko ma'aikaciyar lafiya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma kuɗin mota da izinin tafiya sau da yawa a hannun maigida suke, don haka maza ba su da mafaka.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa maganar nan cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa, kafin a saki ruwan rani aiki ya sha kanmu. Wanda kuma yake da tsohuwa a gida, ya zauna kusa da ita da daren nan ya tambaye ta. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu ga girbi tare da iyalanmu duka.