Haila ta riga darasi zuwa aji a Taiwan

Wani bincike da aka yi a iyalan Taiwan ya nuna kakanni sun fara haila suna kusan shekara 15, jikokinsu kuwa wajen 13. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tun daga shekarun 1960 arzikin tsibirin ya bunƙasa, abinci ya wadata, kuma jikin da ya tara kitse kan balaga da wuri. Wasu za su ce ai wannan alamar ƙoshi ce, abin murna. Da gaskiyarsu, amma ƙibar yara ma tana da hannu, kuma fara haila da wuri na ɗan ƙara haɗarin kansar mama. Muna ganin tun daga firamare ya kamata makarantun Taiwan su yi wa 'yan mata bayani, domin wasunsu kan ga jinin farko kafin su shiga sakandare.