Labarin sama: farautar kayan da ido ba ya gani

Idan kamiyo ya hau ma'auni, nauyinsa ya zarce abin da ke rubuce a takarda, ma'aikacin duwan ya san akwai ɓoyayyen kaya. Halin da masana taurari ke ciki ke nan tun shekara ta 1933, sa'ad da Fritz Zwicky ya fara gano irin wannan giɓi a sararin sama. Cikin shekarun 1970 Vera Rubin ta ƙarfafa zancen: taurarin da ke gefen kowane garken taurari suna gudun da zai watsar da su, in da nauyin da ake gani kaɗai ke riƙe da su. Wannan ɓoyayyen abu, da ake ce ma « matière noire » da Faransanci, ya ninka wanda ake gani wajen sau 5.

Lissafin masana ya nuna cewa abin ya lulluɓe garkenmu dunƙule-dunƙule, kamar gudaji cikin kunu. Waɗansu dunƙulen sun tara ƴan taurari, waɗansu ko ɗaya babu. Ana zaton idan ƙwayoyinsa biyu suka yi karo, sai su hallaka juna, su saki wani haske mai ƙarfi da ake kira gamma. In cunkoson ƙwayoyin ya ninka sau 2, karon sai ya ninka sau 4. Shi ya sa aka zura wa dunƙulen ido.

A 2008 Amurka ta harba na'urar hangen nesa mai suna Fermi domin kama irin wannan haske. A 2009 an ga rarar haske daga tsakiyar garkenmu, amma can kamar kasuwa ce ranar cinta: gawarwakin taurari masu juyawa ma suna iya fitar da irinsa, kuma gardamar ba ta ƙare ba. Ƙananan garkunan da ke kewaye da namu kuwa, irin su Draco, shiru suke. A 2015 aka fitar da sakamakon shekara 6 na duban 15 daga cikinsu: ba a ga kome ba.

Rashin ganin ma riba ne. Ya rufe ƙofa ga ire-iren ƙwayoyi marasa nauyi da aka daɗe ana zato, ya rage dajin da ya saura a bincika. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.