KWANGILAR KULA DA LAFIYAR ƘWAƘWALWA: DA HARAJINMU AKE SAYE, DON ME BABU MU A RABO?

Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa magana ce da yawancinmu ba mu son a yi ta a bainar jama'a, wato maganar taɓin hankali da ciwon damuwa. Kusan kowace unguwa tamu a nan Kudu maso Yamma, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Sabon Ibadan da Sabon Shagamu, akwai gidan da ke ɓoye da wani mara lafiya a ƙuryar ɗaki. Akwai ɗan dakon da ya daina barci tun ranar da aka ƙona kasuwa a kan idonsa, akwai mai jegon da ta haihu ta daina magana, akwai saurayin da ƙwaya ta juya wa kai. Muna ɓoye su saboda kunya, su kuwa masu mulki wannan shiru namu ya yi masu daɗi, domin wanda bai yi kuka ba ba a lissafa shi a kasafi.

Abin da muke so mu fahimtar da juna shi ne, kula da irin waɗannan marasa lafiya aiki ne da gwamnati ke saye da kuɗi, kamar yadda take ba da kwangilar titi ko ta gyaran makaranta. Tana sayen magani, tana ba kamfani ko ƙungiya kwangilar horar da ma'aikatan asibiti, tana ɗaukar masu ba da shawara domin ma'aikatanta, tana buɗe layin waya na masu neman taimako, tana biyan asibitoci ta hanyar inshorar lafiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da takardar sharuɗɗa, kuma a cikin wannan takarda ake yanke wanda zai amfana da wanda za a bari a waje. Idan ba a rubuta cewa dole ɗan kwangila ya tanadi mai jin Hausa ba, ba zai tanada ba. Idan ba a rubuta cewa aikin zai shiga Sabo da kara da tashar manyan motoci ba, ba zai shiga ba. Ɗan kwangila ba ya yin abin da ba a biya shi ba.

DOKA TA CANZA, HALI BAI CANZA BA

Shekaru aru-aru ƙasar nan tana tafiya a kan dokar da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916, aka sabunta ta a 1958, wadda ko sunanta ma cin mutunci ne, domin dokar mahaukata ake ce mata. Manufarta a tsare mutum kada ya dami jama'a, babu ruwanta da warkewarsa. Sai a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta hana nuna wa mai wannan ciwo bambanci a wajen aiki da muhalli da magani, ta ba shi damar sa baki a kan yadda za a yi masa magani, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun kuɗi domin wannan aiki. Jihar Legas ma ta riga tarayya yin tata dokar, ta kuma buɗe layin waya na masu neman taimako. Mun yaba, wanda ya yi abin kirki a faɗa.

To amma abin tambaya a nan, yaya mutum zai sa baki a kan maganinsa alhali ba ya jin abin da likita ke faɗa, likita kuma ba ya jin abin da yake faɗa? Ciwon ƙwaƙwalwa ya sha bamban da karaya ko zazzaɓin cizon sauro. Karaya hoto ke nuna ta, zazzaɓi gwajin jini ke nuna shi. Shi kuwa wannan ciwo da magana ake gano shi, da magana kuma ake yin rabin maganinsa. Bahaushe zai ce zuciyarsa ta ɓaci, ko kansa na hayaƙi, ko ana danne shi da dare, ko ya ce duniya ta yi masa zafi. Kowace kalma a nan tana da nauyinta, kuma wanda bai tashi da harshen ba zai iya ɗaukar mai baƙin ciki a matsayin wanda hankalinsa ya gushe, ko ya sallami wanda ke dab da hallaka kansa da ƙwayar ciwon kai.

Mun gani da idonmu. Mun raka wani dattijo ɗan kasuwa wani asibitin gwamnati, bayan ya yi watanni ba ya ci ba ya barci. Da aka shiga wajen likita babu tafinta, sai aka jawo ɗansa ɗan makarantar sakandare aka ce ya fassara. Ku duba fa, uba zai buɗe baki a gaban ɗan cikinsa ya ce bashi ya yi masa katutu, ya ce yana jin gara ya mutu? Dattijon nan ya sunkuyar da kai ya ce lafiya lau, ciwon kai ne kawai. Aka rubuta masa magani muka dawo. Ba mu zargi likitan ba, shi ma layin mutane ne jibge a ƙofarsa. Laifin yana kan wanda ya tsara aikin bai sa kuɗin tafinta a ciki ba.

WA YA FI MU BUƘATA?

Kada wani ya ce mana ai matsalar ta kowa da kowa ce. Mun sani. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma kullum wasu na ficewa zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Mun san alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi domin lafiya, Gwamnatin Tarayya ba ta cika shi ba. Amma idan abinci ya yi kaɗan, a nan ne ake gane adalcin mai rabo.

Mu tuna abin da al'ummarmu ta gani a wannan yanki. Shagamu a Yulin 1999. Ketu da Mile 12 a Nuwambar 1999. Idi-Araba a Fabrairun 2002. Mile 12 kuma a Maris 2016. Ile-Ife a Maris 2017. Kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021. A kowane ɗaya an rasa rayuka da dukiya, daga ɓangarenmu da kuma na maƙwabtanmu Yarbawa. Bayan kowane rikici manya sukan zo jaje, a kawo shinkafa da tabarmi, a yi alkawarin gyara rumfuna. Shin wa ya taɓa zuwa ya tambayi yaron da ya kwana a barikin 'yan sanda yana jin ihu ko yana iya barci yanzu? Haka nan lokacin da aka hana acaɓa a manyan sassan Legas a 2020 da 2022, dubban matasanmu suka wayi gari babu sana'a, wasu an murƙushe baburan da suka ci bashi suka saya. Ko mutum na goyon bayan hanin ko ba ya yi, ya san abin da zaman banza da bashi ke yi wa saurayi. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke sha a Nijeriya, kuma shiyyar Kudu maso Yamma ce ta fi kowace yawa. 'Ya'yanmu a cikin wannan shiyya suke kwana suke tashi.

Ga kuma maganar ma'aikata. Idan gwamnati ta sayo wa ma'aikatanta tsarin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, yawanci mai lambar aiki da takardar albashi ake nufi. To ina maigadin da ke kwana a ƙofar ma'aikata, da mai kwasar shara, da leburan da ke haƙa kwalbati a aikin gwamnati? Waɗannan ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke su, don haka a takarda ba ma'aikatan gwamnati ba ne, alhali aikin gwamnati suke yi, kuma da yawansu namu ne. Babban ma'aikaci mai ofis da na'urar sanyaya ɗaki yana da wanda zai kai wa kukansa, wanda ya kwana a tsaye yana gadinsa ba shi da kowa.

BA ROƘO MUKE BA

Mu ba baƙin jiya ba ne. Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa shi, kakanninmu kuwa sun riga wannan shekara zuwa da fataucin goro da shanu. Kullum ta Allah ana yankar mana tikiti a kasuwa, a kara, a tasha, a mayanka. Ranar karɓar haraji ba a taɓa tambayarmu takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ba, ba a taɓa cewa sai mun iya Turanci ba. Mai karɓar kuɗi har gaisuwar Hausa ya iya. Ashe ana iya nemo mai jin Hausa idan kuɗi za a karɓa?

Tsarin Mulkin 1999 a fili yake. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani abu saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa, a doka ne ko a wajen aiwatar da ita. Sashe na 17 ya ɗora wa hukuma neman samar da isasshen magani ga dukkan mutane. Wariya ba sai an rubuta "ban da Hausawa" a ƙofa ba. Idan aka tsara aiki ta yadda Bahaushe ba zai iya amfana da shi ba, an kai inda ake so a kai ba tare da an faɗa ba.

Kuma kada a ce abin da muke nema sabon abu ne. A nan Abeokuta, a Aro, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a 1954 wanda duniya ta yaba. Ya sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, ya kuma jawo masu maganin gargajiya a jika, saboda ya gane mutum ya fi saurin warkewa a cikin harshensa da al'adarsa. A zamaninmu ma, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa idan ma'aikatan ƙananan asibitoci suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da na addini, masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi. Wannan ilimi a ƙasar Yarbawa aka haife shi. Mu dai cewa muke a yi mana aiki da shi.

MU MA MU DUBI KANMU

Idan muka tsaya a kan laifin gwamnati kawai mun yi son kai. Mu ne muke kiran mara lafiya mahaukaci, mu hana a auri ƙanwarsa. Mu ne muke sa shi a motar shanu mu tura shi gida Arewa don kada maƙwabta su gani, can kuma a kai shi gidan mari. Duk mun ga abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, inda aka fito da mutane sama da 300, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti, sarƙa da bulala kuwa ba su taɓa warkar da kowa ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Yaba da Aro na Gwamnatin Tarayya ne, babu mai ikon ce mana ba namu ba ne. Haka kuma da yawanmu mun ƙi yin rajistar mazauna jiha da ta inshorar lafiya, muna cewa ai gobe za mu koma gida, ga shi goben ta shekara arba'in ba ta zo ba. Wanda babu sunansa a rajista ya sauƙaƙa wa mai son mantawa da shi.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, duk kwangilar da ta shafi lafiyar ƙwaƙwalwa a jihohin da muke zaune, a rubuta a cikin sharuɗɗanta cewa dole a tanadi tafinta ko ma'aikaci mai jin Hausa, mace domin mata, namiji domin maza, a asibitocin da ke kusa da unguwanninmu da kuma a layin waya. Muna da 'ya'yan da suka karanta aikin jinya da kiwon lafiyar al'umma, an haife su a nan, suna jin Hausa da Yarbanci da Turanci. A ɗauke su.

Na biyu, zama a jiha ya zama shi ne sharaɗin samun kulawa, kada a nemi takardar asali.

Na uku, duk kamfanin da ya karɓi aikin gadi ko shara ko gini daga gwamnati, a wajabta masa sa leburorinsa a inshorar lafiyar da ta haɗa da ciwon ƙwaƙwalwa. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta riga ta wajabta inshora ga kowa.

Na huɗu, duk lokacin da rikici ya auku, a sa kula da waɗanda suka firgita a cikin kayan agaji, ga kowane ɓangare.

Na biyar, a zauna da mu kafin a rubuta sharuɗɗa. Dokar Ba da Kwangila ta Tarayya ta 2007 ta ce a tantance buƙata kafin a sayi abu, a tallata aikin a fili, a kuma gayyaci 'yan sa ido daga ƙungiyoyi masu zaman kansu. Jihohi ma suna da irin tasu. Yaya za a tantance buƙatar mutanen da ba a tambaya ba?

Mu kuma a namu ɓangaren, muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da na kara da limamai da ƙungiyoyin mata su daina zuwa gidan gwamnati don ɗaukar hoto kawai. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardun kwangila, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Lauyoyinmu da ɗalibanmu su rubuta, su tambayi nawa aka ware, wa aka ba, me aka ce ya yi, a wace unguwa. Masu zuwa neman ƙuri'a kuma idan sun shigo Sabo da buhunan shinkafa, a ajiye masu waɗannan buƙatu biyar a gabansu a rubuce, su sa hannu.

Kai kuma maigida, ke kuma uwargida, idan akwai mara lafiya a ɗakinku, ku buɗe ƙofa ku kai shi asibiti, ku nemi babban mutum mai riƙon sirri ya raka ku ya yi tafinta. Idan an wulaƙanta ku ko an juya ku saboda harshe ko asali, ku kawo rahoto ofishin ƙungiya, a rubuta rana da wuri, domin da irin wannan shaida ake tunkarar hukuma. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.