Bosho ya shiga salula, ɗalibanmu sun koma dillalai

Iyaye da ƴan uwana malamai, akwai wata kasuwa da ke ci a makarantunmu na Tawa wadda babu rumfarta a ko'ina, ba ta da ranar ci, kuma ba ta tashi ko ana cikin darasi. Kasuwar bosho ce, wato gwanjo, da ta ƙaura zuwa WhatsApp da Facebook da TikTok. Masu tallar ɗalibanmu ne na kwaleji da lise. Ana saka hoton riga ko takalmi ko jaka, a rubuta "orijinal, guda ɗaya ta rage", a jira kuɗi su shigo ta Nita ko Amana ko Airtel Money. Iyaye da yawa suna yaba wa abin, suna cewa yaro ya kama neman na kansa. Ni ina ganin asara ce muke yi wa guɗa.

Kada a ɗauka faɗa nake yi da bosho. Duk wanda ya tsaya gaban aji da safiyar Disamba ko Janairu a Kaita ko Abalak ya san cewa ba don rigunan sanyin bosho ba, da rabin yaran ba su iya riƙe biro. Talaka ya rufa asirinsa da shi shekara da shekaru, kuma mai kasa shi a kasuwa sana'ar halal yake yi: ka ɗaga riga, ka duba ɗinki da hammata, ka taya, in ba ta yi maka ba ka ajiye. Abin da salula ta kawo daban ne. An cire duba da hannu, an sa hoto a madadinsa, an ninka kuɗin saboda sunan kamfani, aka kuma ɗora tallar a kan yaron da ya kamata a ce yana bitar darasi.

Mu bi hanyar da rigar ke biyowa kafin ta iso Adar. A Turai da Amurka ake tara tsofaffin tufafi. Masu tsada na manyan kamfanoni yawanci ba su baro can, domin masu su kan sayar da su da kansu a dandaloli irin su Vinted, da aka kafa a Lituwaniya a 2008, da Vestiaire Collective na Faransa. Abin da aka zuba a akwatunan sadaka shi ke zuwa wurin tantancewa, a sake tsame na gari a kai kantunan can. Sauran ake matsewa a dila a loda wa jirgin ruwa. Da ta Kwatano kayanmu suke biyowa, amma tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023 sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso, tafiya mai nisa da tsada. A kowane zango, daga bakin teku zuwa Yamai, manyan ƴan kasuwa suna zaɓe na farko. To, ka gaya mini, takalmin da sabonsa ya fi albashin malami na wata guda, ta yaya ya tsallake duk waɗannan idanu har ya faɗo hannun ɗan ajin burebe a Tawa a kan jika 8? Akan dace jefi-jefi, amma ba kullum ba, ba kuma dozin-dozin ba. Mafi yawan abin da ake kira "orijinal" ko dai jabu ne da aka cusa cikin bosho don ya ari sunansa, ko kuma ragowar zaɓe ce da aka goge aka ɗauka hoto cikin haske mai kyau.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan ciniki ya dubi kasuwar Kantamanto ta birnin Akara. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a can ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna ƙarewa a bola. Mai sayen dila kasada yake yi, bai san abin da ke ciki ba sai ya yanke igiya. Babban ɗan kasuwa ya san wannan sarai, shi ya sa yake neman wanda zai raba asarar da shi, kuma babu mai sauƙin samu kamar ɗalibi: ba ya neman albashi, da kuɗinsa yake sayen intanet, abokan ajinsa ne masu sayensa.

Mu yi lissafi irin na aji. A ce an ba yarinya riga a kan jika 3, ta sayar jika 4. Daga jika gudan da ta ci za ta cire kuɗin intanet, da na kabu-kabun da ya kai kayan, da na cirar kuɗi. In ƙawarta ta karɓa bashi sai ƙarshen wata, ita ce za ta biya mai kaya. In aka ce rigar ba ta yi kama da hoton ba, ita za a zaga, mai dila yana gefe. Riga ɗaya da aka dawo da ita ta cinye ribar riguna uku ko huɗu. Ba a lissafa daren da aka raba ana amsa saƙonni ba, da safiyar da aka yi ana gyangyaɗi a kan tebur.

Ga ƴan mata abin ya wuce kuɗi. Riga ta fi sayuwa in an sa ta a jiki, don haka yarinya ita ce mai talla, ita ce kuma abin kallo. Lambarta na yawo a rukunonin da ba ta san ko su wane ne a ciki ba, ƙato ya kira ta da dare da sunan tambayar farashi. A ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna ƴan mata uku cikin huɗu ana aurar da su kafin shekara 18, a ƙasar da sai da gwamnati ta fitar da doka a Disamban 2017 don kare karatun ɗiya mace, surutu kaɗan a unguwa ya isa uba ya cire ɗiyarsa daga makaranta. Tallar kan tire da muka daɗe muna yaƙi da ita, ko ba komai maƙwabta na ganin inda yarinya ta nufa. Wannan kuwa a ƙuryar ɗaki ake yin ta.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ga masu digiri nan sun fito daga jami'ar Djibo Hamani suna zaune, gara yaro ya koyi ciniki tun da wuri. Za a ce mutanen Adar da fatauci da tafiya bida aka san su, daga Abijan har Libiya, kuma albasar Galmi ba takardar makaranta ta kai ta kasuwannin Gana ba. Duka gaskiya ne. Amma yaron da aka kai rumfar kawunsa yana koyon riƙon amana, da sanin kaya, da ajiye lissafi, a ƙarƙashin babban da zai kwaɓe shi. Me ɗan tallar salula yake koya? Yadda ake ɓoye huji a hoto, da yadda ake rantsuwa a kan abin da bai sani ba. In ciniki ake so ya koya, ga dogon hutu nan daga Yuli zuwa Satumba, a kai shi wurin mai sana'a.

Mu ma malamai akwai namu kason. Wasu cikinmu sun mai da rukunin WhatsApp na aji kanti. Na san halin da malamin kwantiragi yake ciki, amma ɗalibin da ka sayar wa takalmi bashi, da wane ido za ka gyara takardarsa? Kuma tun da sunan kamfani ya zama ma'aunin daraja a filin makaranta, ɗan manomin da ya zo daga ƙauye ya zauna gidan dangi ya fara jin kunyar takalminsa na roba. Wani ya matsa wa uwarsa har ta taɓa kuɗin da uban ya aiko daga bida don sayen hatsi.

Hana shigo da bosho ba aikinmu ba ne, ba kuma abu ne mai sauƙi ba. Nijeriya ta daɗe da haramta shi, amma kasuwar Ƙofar Wambai a Kano cike take da shi. Ruwanda da ta ƙara masa haraji a 2016, Amurka ta janye mata rangwamen AGOA na tufafi a 2018. Abin da ke hannunmu ya fi wannan kusa. Kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyaye da ta uwaye su zauna tun farkon shekara su rubuta a dokar makaranta: babu ciniki tsakanin malami da ɗalibi, babu talla a rukunin aji, salula a kashe cikin jaka. Inda ake sa kayan makaranta a tsaya a kansu har da irin takalmi, a ba telolin gari ɗinkin. Uwar da ke da sana'ar bosho ta yi tallarta da lambarta, ta rataye rigar a ƙusa ta ɗauki hoto, ta bar ɗiyarta. Uba kuma da ya ga sabon takalmi a ƙafar ɗansa alhali ba shi ya saya ba, ya tambaya daga ina, nawa ne, kuma wa ke bin sa bashi.

Jarrabawar burebe da ta bak suna nan tafe ƙarshen shekara. Ranar da za a karanta sakamako, mai dila zai riga ya sami wani yaron da zai yi masa talla, mu ne za mu koma gida da namu.