Raddi ga Masu Cewa "Sori" Ta Isa Gaisuwar Mutuwa

 Wani ɗan'uwa malamin makaranta ya kafa hujjoji uku cewa babu laifi Bahaushe ya ce "sori" idan ya ji mugun labari. Ga amsata.

Hujjarsa ta farko: Hausa ta saba aro, ga mota, ga asibiti. Gaskiya ne, amma mutum yana aron abin da ba shi da shi ne. Mota baƙuwa ce, ta zo da sunanta. Mutuwa kuwa 'yar gida ce. Muna da ta'aziyya ga wanda aka yi wa rasuwa, jaje ga wanda gobara ta ci rumbunsa, dubiya ga majinyacin da ke kwance a Galmi, barka da arziki ga wanda ya tsira daga hatsari a hanyar Ƙonni zuwa Tawa. Kowanne da addu'arsa: Allah ya jiƙan rai, Allah ya mayar da alheri, Allah ya sa kaffara ne, Allah ya kiyaye gaba. Ita "sori" guda ce tilo, da ita ake gaida maraya, da ita ake ba wanda aka taka wa ƙafa haƙuri. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ta biyu: wai niyya ce abin dubawa. To, ai gaisuwa ta mutum biyu ce. Ka ce "Ya haƙuri?" a ce "Da godiya." Ka yi addu'a, a ce amin. A wani zaman makoki a nan Tajaye, wani saurayi da ke fatauci tsakanin Ƙonni da Illela ta Sakkwato ya durƙusa gaban tsohon da ya rasa ɗa, ya ce "Sori, Baba." Tsohon ya riga ya ɗaga tafukansa yana jiran addu'a. Ya jira, ya jira, sannan ya sauke su a kan tabarma. Niyyar yaron kyakkyawa ce, sai dai mamacin bai samu komai ba. Ga Musulmi ma an koya masa sallallami a Suratul Baƙara, aya ta 156.

Ta uku: wai tun 2025 Ingilishi ya zama harshen aiki a Nijar tare da Faransanci. Haka ne, kuma dokar da ta faɗi haka ita ce ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Harshen aiki na ofis ne da takarda. Shekara da shekaru muna da Faransanci, amma liman bai taɓa rufe zaman makoki da shi ba.

Ban hana kowa koyon Ingilishi ba, ilimi ne. Idan gajarta ake nema a WhatsApp, "ayya" da "sannu" ma gajeru ne.

Malam, ka koya wa ɗalibanka maganar da za a amsa musu da amin. Allah ya jiƙan magabatanmu.