Sharhi: Masu Ɗaukar Hoton Jiragen Ƙasa a Birtaniya, Tsakanin Zargi da Haɗari

A ƙasar Birtaniya akwai mutane masu ɗimbin yawa waɗanda ba su da abin sha'awa kamar tsayawa a tashar jirgin ƙasa suna ɗaukar hotunan jirage tare da rubuta lambobinsu. Wannan daɗaɗɗiyar al'ada ta shiga tsaka mai wuya bayan hare-haren da aka kai kan jiragen ƙasa a birnin Madrid a shekarar 2004, da kuma na birnin Landan a shekarar 2005.

Sashe na 44 na dokar yaƙi da ta'addanci ta shekarar 2000 ya bai wa 'yan sanda ikon tsayar da mutum su bincike shi a wasu keɓaɓɓun wurare, ko da babu wani dalilin zargi. Masu ɗaukar hoto da dama sun koka cewa an riƙa yi musu tambayoyi, wani lokaci ma a nemi su goge hotunansu, alhali doka ba ta hana ɗaukar hoto a bainar jama'a ba. Alƙaluman gwamnati sun nuna cewa an tsayar da mutane fiye da sau 100,000 a ƙarƙashin wannan sashe tsakanin 2009 da 2010, amma ba a kama ko mutum ɗaya da laifin ta'addanci ba. A watan Janairun 2010 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukuncin cewa sashen ya keta haƙƙin jama'a, daga bisani aka soke shi baki ɗaya a shekarar 2012.

Sai dai kuma, ba a nan gizo ke saƙar ba. Haɗari na gaskiya yana kan layin dogo ne. A watan Fabrairun 2016, sa'ad da shahararren jirgin nan mai aiki da tururi, wato Flying Scotsman, ya tashi daga Landan zuwa York bayan gyara na shekaru goma, sai da aka dakatar da shi a hanya, domin 'yan kallo sun shiga kan layi riƙe da kyamarori. Wannan layi ne da jirage ke gudun kilomita 200 a sa'a guda, kuma jirgin da ke irin wannan gudu yana bukatar kusan kilomita biyu kafin ya tsaya. Bugu da ƙari, wayoyin da ke saman layin suna ɗauke da wutar lantarki mai ƙarfin bolt 25,000. Don haka ne doka ta tanadi tarar da ta kai fam 1,000 ga duk wanda ya shiga layin dogo ba da izini ba.

A yau kamfanin Network Rail, mai kula da layukan dogo na ƙasar, yana maraba da masu wannan sha'awa a tashoshinsa, bisa sharaɗin su sanar da ma'aikata isowarsu, su nisanci bakin dandamali, kada kuma su haska fitilar kyamara a idon direba. Hasali ma ana roƙonsu da su kai rahoton duk wani abin da ba su yarda da shi ba.

Darasin a bayyane yake. Jami'in da ya ɓata lokaci kan mai kyamara a cikin tasha ya bar jaki yana dukan taiki. Shi kuwa mai ɗaukar hoton da ya tsallake shinge, ya jefa rayuwarsa da ta matafiya cikin haɗari, ya kuma zubar da mutuncin 'yan'uwansa masu bin doka.